Baba Tashi-Mu-Gani, Mai Turin Keke A Ƙofar Gaggawa

Ƙarfe bakwai saura kwata yake shigowa. Ba ya biyowa ta babbar ƙofar asibiti, ta baya yake zagayowa, ta wajen masu wanki, ya buɗe ɗan ɗakin da ake ajiye kekunan marasa lafiya, ya fito da su ɗaya bayan ɗaya ya jera a baranda. Shida ne a takarda, huɗu ne ke tafiya. Sai ya durƙusa da ƙyar, don gwiwarsa ta dama ta daɗe tana yi masa gardama, ya taɓa tayoyi, ya gwada birki, ya ɗiga mai a inda ke ƙara, ya goge mazauni da tsumma da ruwan sabulu. In ya gama ya wanke hannu, ya sha shayinsa a tsaye, ya je ya kama gurbinsa a gefen ƙofar sashen gaggawa, inda motoci ke sauke mutane. Daga nan har a tashi aiki ba fuskokin jama'a yake kallo ba, ƙafafunsu yake kallo.

Ina rubutawa kamar har yanzu yana yi, don hannuna bai saba ba tukuna. Shekara talatin da ɗaya ya yi a haka, kuma ranar Juma'ar da ta wuce ya miƙa makulli.

Ni ma'aikaciyar jinya ce. Shekara ashirin da huɗu ina teburin karɓar marasa lafiya, ina hango ƙeyarsa ta cikin gilashin ƙofa. Duk wanda ya yi aiki da ni ya san bakina ba shi da birki, kuma yabon mutum ba ya cikin abubuwan da na iya. To amma yau dole in yi. Ya cancanta, wannan ɗaya ke nan. Sannan akwai wani nauyi da bawan Allahn nan ya ɗauka a zuciyarsa shekara goma sha takwas, yana ganin shi ya kashe mutum, alhali kaso mafi girma na laifin nawa ne. Na san gaskiya, ina kallonsa kullum, na ja bakina na yi gum. Don haka ku yi haƙuri in jinjinar tawa ta zo da ɗaci.

Wata Talata ce, shekara goma sha takwas da suka wuce, wajen sha ɗaya na safe, layi har baranda. Mota ta sauke wani mutum mai kimanin shekara arba'in tare da matarsa. Malamin lissafi ne a wata makarantar sakandare. Yana sa ƙafa ƙasa ya tafi luu gefen hagu, da bai cafke ƙofar motar ba da ya sha ƙasa. A lokacin Baba bai sami sunan da aka san shi da shi yanzu ba, Mai Keke kawai muke ce masa, kuma an san shi da zafin nama. Kafin mara lafiya ya ce wash, keke na bayansa. Ya zaunar da malamin ya turo shi gabana, ya juya da sauri don ɗauko wani.

Abin da na gani shi ne mutum a zaune tsaf, riga a goge, sabon aski, har da guntayen gashi a wuyan rigar. Ya ce duniya na juya masa, ya yi amai sau uku a hanya, ƙeya na sara masa. Harshensa ya yi nauyi, kalmomin na fitowa a jajjaye. Sai wani wari ya bugi hancina, irin na barasa. Na dubi abokiyar aikina na kashe mata ido, na ce, ba ma a hankali ba, "Wannan tun da safe ya yi tatul."

Matar ta ji. Ta matso jikin teburin ta ce, "Sista, wallahi mijina bai taɓa kai abin nan bakinsa ba. Daga shagon aski yake."

Na ce, "Haka kowace mace take faɗa. Koma ki zauna."

A gaban mutane na faɗa mata haka. Sannan na ɗauki biro na rubuta a saman katinsa cewa ana zargin maye. Mai Keke bai ji ba, yana waje, kuma karanta kati ba aikinsa ba ne.

Likitan da ke aiki ranar katin ya fara gani kafin ya ga mutumin. A kan keken ya duba shi. Matse hannuna, ya matse da ƙarfi. Ɗaga ƙafa, ya ɗaga. Yi murmushi, baki bai karkace ba. To ba shanyewar ɓarin jiki ba ce ke nan. Aka yi masa allurar tsayar da amai, aka ba shi ƙwayoyin jiri, aka ce ya je ya huta. Babu wanda ya ce masa ya miƙe tsaye. A keke ya shigo, a keke aka duba shi, a keke aka fita da shi. Mutum ɗaya ne tak a duk ginin ya ga tafiyarsa, shi ne Mai Keke, kuma ya sake gani a bakin mota, don sai da shi da direba suka cicciɓe shi suka sa a ciki. Daga baya ya gaya mini ya buɗe baki zai koma ya faɗa wa likita, sai ya ce a ransa, wane ni.

Ranar Alhamis da hantsi aka dawo da malamin bai san inda kansa yake ba. Aka yi hoton ƙwaƙwalwa, aka ga abin da ya faru, aka shiga shirin tiyata a gurguje. Kafin a gama shirin rai ya yi halinsa. Mai Keke ne ya tura shi zuwa ɗakin ajiye gawa.

Sati bai zagayo ba Mai Keke ya je ya tare babbar likitar ƙwaƙwalwa a inda take ajiye mota. Tsohuwa ce mai faɗa, mu kanmu tsoronta muke ji. Ya cire hula ya ce ta taimaka ta gaya masa abin da ya kashe mutumin, da irin maganar da zai gane. Ta dube shi sama da ƙasa, ta ciro takarda ta ɗora a kan motar ta zana masa.

Ga abin da ta zana, wanda mu da muka yi karatun mun san shi a littafi muka bar shi a littafi. A ƙeyar mutum, ƙarƙashin babbar ƙwaƙwalwa, akwai wata ƙarama, ba ta wuce dunƙulen hannu ba. Ba ita ke ba gaɓoɓi ƙarfi ba. Aikinta daidaita motsi. Ita ke sa ka tsaya ba ka faɗi ba, ka kai cokali baki ba kumatu ba, harshe ya jera kalmomi, ido ya tsaya a kan abin da kake kallo. Jininta ta baya yake zuwa. Jijiyoyi biyu ne ke hawowa ta cikin ƙasusuwan wuya, dama da hagu, su shiga ƙoƙon kai su haɗe su zama ɗaya. Daga jikinsu ne rassa uku-uku ke fita a kowane gefe, na ƙasa da na tsakiya da na sama, suna shayar da ita. In reshe ɗaya ya toshe, ɓangaren da yake shayarwa ya mutu. Amma ba lallai baki ya karkace ba, ba lallai hannu ya shanye ba, irin alamun da kowa ya sani. Sai jiri, da amai, da ciwon ƙeya, da nauyin harshe, da tangaɗi. Mugun abin kuma, wurin matsattse ne. Cikin kwana biyu zuwa huɗu ɓangaren da ya mutu yakan kumbura, ba shi da inda zai buɗa, sai ya danne tushen ƙwaƙwalwa, inda ake sarrafa numfashi. In an gane da wuri, aka kwantar da mutum ana sa masa ido, ana iya buɗe ƙashin ƙeya a ba kumburin wuri.

Shi malamin, mai askinsa ne ya gama masa aski, ya shafa masa sifirit, ruwan nan mai warin barasa, a wuya da ƙeya, sannan ya kama kansa ya murɗa, ƙas, irin kyautatawar da wasu masu aski ke yi wa wanda suka saba da shi. Ba kasafai abin ke zama illa ba, amma shi ya tsaga masa cikin jijiyar hagu, jini ya daskare a wurin, gudan ya tafi ya toshe reshen ƙasa. Warin da na ji na sifirit ɗin aski ne. A taron ma'aikata na ji wannan bayani. Babu wanda ya ambaci sunana. Likitan ya sha faɗa, ba da jimawa ba ya nemi canjin wurin aiki, katin ya tafi ɗakin ajiyar takardu, magana ta mutu.

A wajen Mai Keke ba ta mutu ba. Ya same ni ina haɗa kayan aiki, ya tsaya yana murza hula a hannu.

"Sista, keken nan nawa ne ya ɓoye shi. Da na bar shi ya tako da ƙafarsa, kowa zai gani. Na kuma gani sau biyu ban faɗa ba. Ki gaya mini, da na yi magana, da ya rayu?"

Na ce, "Kwanansa ne ya ƙare, Baba. Je ka yi aikinka."

Kafin ranar sallamarsa, sau uku ya yi mini tambayar nan a cikin shekarun nan, sau uku ina ba shi amsar nan. Tsoro ne da girman kai, ba wani abu ba.

Daga wannan lokaci ya canza yadda yake aiki. Wanda ya zo jina-jina, ko a sume, ko mai naƙuda, ko mai karaya, babu wata-wata, keke ne ko gado. Amma in mutum ya sauko daga mota da hankalinsa yana cewa jiri, sai Baba ya kawo keken ya ajiye dab da bayansa, ya taka birki, ya buɗe hannayensa biyu a gefensa ba tare da ya taɓa shi ba, ya ce, "Tashi mu gani." In mace ce sai ya sa 'yar uwarta ta tsaya a ɗaya gefen. Taku uku yake nema, ba ya ƙarawa. Wanda ya yi takun, ko da yana dafe kai, sai ya zaunar da shi ya turo. Wanda ya bubbuɗe ƙafafu yana rinjaya gefe guda, ko ma zaman ya gagare shi sai da jingina, shi ma zai turo shi, amma ba zai saki keken ba sai ya faɗi magana ɗaya a kunnen likita: "Wannan bai iya tsayawa ba." Bai taɓa faɗin sunan ciwo ba, bai taɓa cewa a ba da magani kaza ba. In an matsa masa ya yi bayani sai ya ce, "Injin mota lafiya lau, direba ne ya faɗi."

Da tsokana aka fara kiransa Tashi-Mu-Gani, ba da girmamawa ba. Masu shara, masu gadi, mu ma'aikatan jinya, kowa in ya hango shi sai ya ce ga farfesan ƙofa nan. Kuma gaskiya sau da yawa abin da ya tsorata da shi ba ya zama komai. Jirin kunne ne, ko yunwa, ko zazzaɓi, sai a yi ta yi masa dariya har a tashi. Akwai ranar da wani mutum ya shara masa mari don ya ce wa mahaifiyarsa ta miƙe. Baba ya dafe kunci ya ce, "Ka yi haƙuri, ɗana, amma ka bari a gani." Takardar gargaɗi uku aka ba shi saboda shisshigi cikin aikin likitoci, ƙarin girma ya wuce shi sau biyu. Ɗaya daga cikin takardun nan da sa hannuna a ƙasa. Ba don ina ganin ya yi kuskure ba na sa. Kowane "tashi mu gani" da ya faɗa tuna mini yake da abin da na rubuta a katin nan, kuma na so ya daina.

Bai daina ba. Shekara takwas da suka wuce aka kawo wata tela, mace mai shekara hamsin da ɗoriya, ƙanwarta ce ta rako ta. Jiri da amai tun daren jiya. Aka yi mata hoto, ya fito fes, don irin wannan toshewar takan ɓuya wa hoton farko. Wani sabon likita ya rubuta sallama ya kira Baba ya fita da ita. Baba ya zo, ya kama keken, ya taka birki.

"Likita, a yi haƙuri, wannan ba ta iya tsayawa ba."

"An yi mata hoto, babu komai. Jirin kunne ne. Fita da ita, akwai layi."

"Ranka ya daɗe, hoton bai ga tafiyarta ba. Ni na gani."

"Kai ne likitan ko ni?"

"Kai ne. Shi ya sa nake so ka gani da idonka. Taku uku kawai. In ta yi, ni da ƙafata zan je in karɓo takardar korata."

Ina tsaye a wurin, kuma ranar ce kaɗai na taɓa mara masa baya, ita ma da rabin murya. Na ce, "Likita, duba mana, ba abin da za mu rasa." Ya yi tsaki ya ce ta tashi. Ta miƙe, ƙafafu a bubbuɗe, taku ɗaya ta tafi gefen dama, sai a hannun ƙanwarta. Ya ce ta taɓa hancinta da yatsa sannan ta taɓa nasa yatsan. Hannun dama ya yi ta karkarwa ya wuce ta gefe. Fuskar likitan ta canza. A ba shi haƙƙinsa, bai tsaya jan magana ba, ya yaga sallamar ya kira na sama da shi. Aka kwantar da ita. A kwana na uku ta fara barcin da ba a iya tashinta, aka ruga da ita tiyata.

Ta rayu. Amma kada ku ɗauka labarin ya ƙare da guɗa. Hannunta bai koma daidai ba, da ta nufi ramin allura da zare sai ya kama rawa. Ta rufe shago, ta rabu da keken ɗinkinta, da sanda take tafiya har yau. Duk zuwanta ganin likita sai ta tsaya ta gaishe da Baba. Wata rana ta ce mini, "'Yar uwa, wani lokaci in na ji ƙarar ɗinki a shagon wani sai in ji haushin Baban nan, in ce da ya bar ni na tafi. Sai kuma jikata ta shigo ta hau cinyata, kunya ta kama ni." Na gaya masa. Ya gyaɗa kai ya ce tana da gaskiya ta duka ɓangarorin biyu.

Akwai kuma wasu 'yan gida ɗaya, maza biyu da ƙanwarsu, masu ciwon gado wanda ƙaramar ƙwaƙwalwar ke motsewa a hankali shekara da shekaru. Nasu ba jijiya ce ta toshe ba, kuma ba shi da magani. Tafiyarsu tangaɗi, maganarsu a jajjaye, motocin haya in sun hango su a bakin titi sai su ƙara wuta. Duk ranar ganin likitansu, Baba zai yi amfani da hutunsa na cin abinci ya raka su titi, ya tsayar da mota da kansa, ya leƙa ya ce wa direba da fasinjoji, "Ba maye ba ne, ciwo ne. Ku matsa musu." Biyu daga cikinsu sun rasu. Ƙanwar ce ta rage, yanzu a keke ake kawo ta. Ni kuwa duk sanda na jiyo shi yana cewa ba maye ba ne, sai in sunkuyar da kai a kan takardu.

Baba, kai ne idon ƙofa. Kai ne wanda ya gano cewa alherinsa na iya ɓoye mutuwa, ya zauna ya gyara alherin maimakon ya daina yin sa. Kai ne ka sha mari da dariya da takardun gargaɗi a kan magana guda, ba ka ƙara mata gishiri ba, ba ka kuma janye ta ba. Ban san mutum nawa suka kwana a gadon asibiti maimakon su mutu a gida saboda kai ba. Babu wanda ya rubuta, don babu gurbin sunan mai turin keke a katin mara lafiya. Ni dai da idona na ƙirga sun haura ashirin.

Yanzu wani kamfani ne ya karɓi aikin turin kekuna. Ma'aikatansa ba su da laifi, suna da ladabi, ga sauri. Ana auna musu mintocin da suke ɗauka daga ƙofa zuwa teburina, wanda ya fi sauri shi ne gwani. Baba ya yi ƙoƙarin nuna musu a watansa na ƙarshe, suka ce to Baba, suka ci gaba da abin da aka ɗauke su yi. Taron sallamarsa minti goma aka yi a baranda. Aka ba shi agogon bango. Jami'in da ya yi jawabi ya gode masa bisa tsabtace harabar asibiti, don bai ma san aikinsa ba. 'Yarsa da ta zo tafiya da shi ta tsaya kusa da ni, ta ce, "Anti, kin san har yau in ya ga mai sabon aski sai ya yi shiru ya daina magana? Mun rasa dalili." Na san dalili.

Da aka watse na bi shi ɗakin kekuna. Yana mayar da su ciki, yana jera su kamar gobe zai dawo. Ya ɗago ya gan ni a bakin ƙofa.

"Sista, yau dai tafiya zan yi. Tsakaninki da Allah, malamin nan, da na yi magana da ya rayu?"

Na tura ƙofar na rufe. Na gaya masa komai, warin da na ji, abin da na ce wa matar a gaban mutane, abin da na rubuta a kati, da yadda likitan ya karanta rubutuna kafin ya dubi mutumin. Na ce, "Da an gan shi a tsaye an kwantar da shi, mai yiwuwa ne ƙwarai da ya rayu. Amma da ka dawo ka yi magana a ranar, Baba, ni ce zan fara rufe maka baki. Na riga na yanke masa hukunci kafin ka kai bakin mota. Ba shirunka ne ya kashe shi ba."

Sannan ya ja ɗaya daga cikin lalatattun kekunan ya zauna a kai, ya ɗora hannaye a gwiwa.

"Shekara goma sha takwas, Sista. Kullum muna gaisawa."

Hawaye kawai nake yi, ni da ba a taɓa ganin hawayena a ginin nan ba.

Ya ce, "Matarsa fa? An gaya mata ba maye ba ne?"

Na ce ai an ba ta takardar shaidar mutuwa, an rubuta ciwon a ciki.

"Ba takarda na tambaye ki ba. Ke, kin gaya mata?"

Na girgiza kai.

"To ni nawa mai sauƙi ne, na riga na tsufa da shi. Ita ce kika ƙaryata a gaban jama'a. Wa ya san wanda ke layin nan ranar ya kai maganar unguwa? 'Ya'yansa fa, me suka tashi suna ji a kan ubansu? Ba ni za ki nema ba."

Ya miƙe da ƙyar, ya jira na fita, ya kulle ɗakin. Bai ce ya yafe mini ba, bai ce bai yafe ba. Abin da ya ce kawai, "Allah ya yafe mana gaba ɗaya." Ya bi bayan 'yarsa yana ɗingishi, agogon a hammatarsa.

Ranar Litinin na shiga ɗakin ajiyar takardu na tono katin. Rubutuna na nan a sama, bai ko dushe ba. Na bi adireshin da ke jiki, na tarar an rushe gidan an gina shaguna. Makarantar da ya koyar sun ce iyalin sun tashi tuntuni, ba wanda ya san inda suka koma.

Baba, na gode. Na gode a madadin telar da ke jin haushinka tana gaishe ka, da marayun da ba su zama marayu ba, da likitocin da suka koyi tayar da mara lafiya tsaye daga wajenka ba su taɓa faɗa ba. Na gode da ba ka sassauta mini ba a ɗakin nan. Allah ya ba ka lafiyar gwiwa, ya sa abin da na sauke maka a makare ya rage maka wani abu.

Ku kuma abokan aikina, daga likita har mai gadi, ku yi koyi da shi. Mai jiri kada ya bar hannunku sai kun gan shi a tsaye. In na ƙasa da ku ya buɗe baki ku saurara. Abin da kuka gani ku faɗa, abin da kuka zata kada ku rubuta shi a matsayin gaskiya. Jama'a, in naku ya wayi gari da jiri da amai da ciwon ƙeya, yana tangaɗi ko harshensa ya yi nauyi, ku garzaya da shi, kuma ku ce wa likita da bakinku, bai iya tsayawa ba.

Tun da na ce a yi koyi da shi, bari in fara. Baiwar Allah, matar malamin lissafin da aka kawo mana daga shagon aski wata Talata, ban san inda kike ba, ban san ko kina raye ba. In wannan rubutu ya iso gare ki, ko ga ɗaya daga cikin 'ya'yanki, ni ce wadda ta ce ki koma ki zauna. Mijinki bai sha komai ba. Gaskiya kika faɗa, ni ce na yi ƙarya.